Wa ke ciyar da Ƙonni? Tarihin sana'a da aikin yi daga Bazaga har Malbaza



Idan baƙo ya tambayi ɗan yankin nan da me ƙasarku ta dogara, amsar da ke fara zuwa baki ita ce muna da izinin siminti a Malbaza, muna da albasar Galmi, ga kuma iyaka da Najeriya. Duk gaskiya ne. Amma in aka juya tambayar aka ce to wanne ne a cikinsu ya fi ɗora tukunya a gidajen mutane, sai lissafin ya kife. Izinin da ake hangen hayaƙinsa da fitilunsa daga nesa shi ya fi ƙarancin ma'aikata. Iyaka ta fi shi ɗaukar mutane nesa ba kusa ba, sai dai makullinta ba ya hannun kowa a Ƙonni. Gona da garka kuwa, waɗanda samari ke gani kamar ba aiki ba, su ke riƙe da mafi yawan jama'a. Yadda aka yi abin ya zama haka yana da tarihi, kuma shi za mu bi yau.

Ƙonni tsohon birni ne mai ganuwa, ba Turawa suka kafa shi ba. A ƙasar Ƙonni ne Toronkawa, kakannin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, suka zauna bayan tasowarsu daga Futa Toro, kuma a Maratta, nan kusa da Galmi, aka haifi Shehu a 1754. Wato tun wancan lokaci malanta sana'a ce mai tushe a yankin. Birnin ya shiga hannun Gobir a ƙarni na 18, bayan jihadin da ya fara a 1804 kuma ya koma bin Sakkwato. Arewa da shi akwai Adar, wadda sarautarta ta zauna a Illela. A nan sai a yi hattara, don Illela biyu ce: akwai tamu ta Adar a cikin jihar Tawa, akwai kuma ta Najeriya, wadda ke daf da Ƙonni a jihar Sakkwato. Duka biyun za su fito a wannan bayani.

A wancan zamani babu wanda ake kira ma'aikaci. Da damina kowa manomi ne, daga mai sarauta har almajiri. In an ɗaure dammuna an zuba a rumbu, sai kowa ya koma sana'ar gidansu: maƙeri, masaƙi, marini, majemi, baduku, mahauci, wanzami, magini. Sana'o'in gado ne, kuma manyansu na da sarakunansu, irin su sarkin maƙera da sarkin fawa, waɗanda ke tsayawa tsakanin 'yan sana'a da fada. Buzayen Kel Geres na saukowa da raƙuma ɗauke da gishiri su koma da gero da tufafi, fatake na wucewa zuwa Sakkwato da Kano. Kuma in za a faɗi gaskiya duka, wani kaso na aikin gona da na cikin gida bayi ne ke yin sa. Wannan tabon bai goge da wuri ba. Sai a 2003 dokar Nijar ta mai da bauta laifi mai hukunci, kuma shari'ar Hadijatu Mani, wadda kotun ECOWAS ta yanke a watan Oktoban 2008 ta ce gwamnati ta biya ta diyyar sefa miliyan 10, daga kotunan Ƙonni ta faro.

Ranar 8 ga Mayun 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Ƙonni, ta ƙone shi, ta kashe mutane masu ɗimbin yawa. Wannan labari kowa ya san shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da alƙalami ya yi wa garin bayan bindiga. A yarjejeniyar 1898 tsakanin Ingila da Faransa an ja da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato aka ce abin da ke ciki na Ingila ne, kuma Ƙonni na ciki. Faransawa suka yi ta ƙorafin cewa hanyar da aka bar musu daga Kogin Kwara zuwa Damagaram ba ta da rijiyoyi. Aka sake zama a 1904 da 1906 aka gyara layin, sannan tawagar Tilho da O'Shee ta bi ta kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908. Ƙonni ta faɗo ɓangaren Faransa, Sakkwato da ke ƙasa da kilomita 100 ta zama wata ƙasa, babban birnin da aka ɗora mata daga baya, Yamai, yana can sama da kilomita 400.

Layin nan ya raba gari da kasuwarsa, amma ya haifi wata sana'a da ba a san ta ba a da. Daga ranar da kuɗi ya zama iri biyu, haraji iri biyu, farashin yadi da goro da kananzir iri biyu a tazarar da jaki ke yi kafin rana ta take, sai tazarar kanta ta zama abin ci. Duk abin da za a faɗa a kan tattalin arzikin Ƙonni na shekara ɗari da suka biyo baya, daga nan ya samo asali.

Mulkin Faransa bai gina masana'anta a yankin ba. Abin da ya kawo shi ne harajin kai da ake biya da kuɗi, da aikin tilas na gyaran hanya da dako, wanda ba a soke shi ba sai 1946. Mai gero cike da rumbu ma sai ya nemo tsabar kuɗi, kuɗin kuwa yana kudu, inda jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya iso Ƙauran Namoda a 1929. Da ma can ana cin rani, amma haraji ne ya mai da shi dole. Daga baya tafiyar ta yi nisa, ta kai Gwalkwas da Abijan da Kamaru, a 'yan shekarun baya kuma Libiya da Aljeriya. Har gobe in aka ce Ba'adare a Abijan, an san mutumin da ya je nema ne ba yawo ba.

Bayan samun 'yancin kai a 1960, gwamnatin Jori Hamani ta ɗauki hanyar kafa kamfanonin gwamnati, kuma rabon da ya faɗo wa yankinmu babba ne. Ƙarƙashin ƙasar Malbaza akwai dutsen farar ƙasa da ake ƙonawa a yi siminti, don haka aka kafa kamfanin SNC, ya fara aiki a 1966. Jijiyar dutsen nan ba ta san iyaka ba, ita ce ta ɓulla a Kalambaina kusa da Sakkwato, inda Najeriya ta fara nata simintin a 1967. Kamar tagwaye suke, sai dai ɗaya ya taso a gidan mai yalwa. Na Malbaza ƙarami ne, abin da yake iya fitarwa bai wuce wajen tan 40,000 a shekara ba, kuma ya sha fama da tsadar makamashi da tsufan injuna da gasar simintin da ke shigowa daga waje. A ƙarshen shekarun 1990, lokacin da ake sayar da kamfanonin gwamnati, shi ma aka sayar da shi. Sabon izinin da aka ƙaddamar a 2019 an gina shi ne don fitar da tan 650,000 a shekara, wato ya ninka tsohon fiye da sau goma sha biyar.

To amma ma'aikata ba su ninku haka ba, kuma wannan ba laifin kowa ba ne, yanayin sana'ar ke nan a duk duniya. Siminti aikin inji ne. Inji ke fasa dutse, inji ke niƙa, tanderu ke ƙonawa dare da rana, mutane ƙalilan ne ke zaune gaban na'ura suna lura. Masu albashi a irin wannan wuri 'yan ɗaruruwa ne, kuma manyan kujerun na buƙatar takardar injiniya ko ta ƙwararren mai gyara, irin karatun da ɗan ƙauyen da ya bar lakwal a aji shida bai samu ba. Abin da ke saura ga ɗan gari shi ne gadi, lodi, tuƙi, sayar da abinci a bakin ƙofa. Haka tashar wutar hasken rana mai megawat 7 da aka buɗe a Malbaza a 2018, ta farko irinta a ƙasar: lokacin gini an ɗauki leburori, da aka gama sai masu gadi da masu share ƙura da 'yan ƙwararru. Amfanin irin waɗannan ayyuka ga ƙasa a fili yake, ko ba komai ana rage sayen siminti da wuta daga waje. Amma wanda ke jiran su kwashe samarin da ke zaune a bakin tasha zai daɗe yana jira. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da 63,000 a cikin garin Ƙonni kaɗai, kuma ta nuna jama'ar Nijar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin 100 a shekara, ma'ana suna ninkuwa cikin shekara goma sha takwas ko kusa da haka. Izini nawa za a gina?

Aikin gwamnati ma ba sai an daɗe a kansa ba. Ƙonni na da ofisoshin mulki, kotu, asibiti, duwan, jandarma da 'yan sanda, Malbaza ta samu nata tun da aka cire ta daga Ƙonni ta zama gunduma a 2011. Albashinsu na da tasiri a kasuwa, ƙarshen wata mahauci da mai hayar gida sun sani. Amma yawancinsu turo su ake yi daga wani wuri, kuma ƙofar da ta fi buɗuwa ga 'ya'yan yanki ita ce koyarwa, inda tun ƙarshen shekarun 1990 aka koma ɗaukar malaman kwantaragi masu ƙaramin albashi. Shi ya sa za ka ga malami da safe a aji, da yamma a garka ko a kan babur.

Babban abin da gwamnati ta taɓa yi wanda ya samar da aiki na gaske a yankin nan ruwa ne. Bayan farin 1973 da 1974, ga kuɗin uraniyom ya fara shigowa a zamanin Seyni Kunce, aka tare ruwan Maggiya, wanda da can yake wucewa ya zube a tafkin Kalmalo cikin Najeriya. Aka gina madatsun Mozage da Zango, aka ja magudana zuwa matattarar Cerasa, aka shimfiɗa filin noman rani na Ƙonni kashi biyu tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, sama da hekta 2,400 gaba ɗaya. Hukumar ONAHA da aka kafa a 1978 ce ke kula da shi tare da ƙungiyoyin manoma. Aka yanka filin ƙanana aka raba wa dubban magidanta, ana auduga da dawa da masara da damina, alkama da kayan lambu da rani. Ku kwatanta da kanku: fili guda ya ba dubban gidaje abin yi wata goma sha biyu, ban da 'yan ƙwadago, masu amalanke, masu sayar da taki da masu awo.

Sai dai ruwa amana ne mai son kulawa. Shekara da shekaru laka na cika madatsun, magudanai na tsagewa, kuɗin ruwan da manoma ke biya ba ya isa gyara, har ya zamana da rani wani ɓangare kaɗai na filin ake iya shayarwa. A 2016 Nijar ta sa hannu da hukumar MCC ta Amurka a kan tallafin dala miliyan 437, kuma gyaran filin Ƙonni na cikin manyan ayyukan da aka sa a ciki. An yi aiki a magudanai, amma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Amurka ta dakatar da shirin. Ko da ma ba a dakatar ba, mai tallafi gyara yake yi ya tafi, yashe laka da biyan kuɗin ruwa na masu fili ne.

Albasa kuwa ba wani babban shiri ne ya yi ta ba, manoma ne da 'yan kasuwa suka gina ta da kansu. Irin da duniya ta sani da Violet de Galmi sunan garin Galmi ya ɗauka, amma ana noma shi a duk fadamun Maggiya da Tarka, har Madawa da gaba. Da rijiyar hannu da wasaki aka fara, sannan aka samu ƙananan rijiyoyin burtsatse da injin ban ruwa, wanda araharsa da arahar mansa duk daga Najeriya suka zo. Ga abin da ya sa na ce albasa ta fi siminti ciyarwa: kusan komai nata da hannu ake yi. A yi reno, a yi fangali, a dasa ɗaya bayan ɗaya, a yi ban ruwa, a cire ciyawa, a tone, a yanke ganye, a zaɓe, a cika buhu, a ɗinke, a ɗora a mota. Kowane mataki mutum ne, kuma mata da yara na da kasonsu a dashe da yanka. Buhun da aka loda a Galmi ko Tsarnawa yana sauka a Akara, Kumasi, Abijan, Lome da Kwatano, kuma a can ma sau da yawa ɗan yankin nan ne ke sauke shi, shi ke sayarwa.

Ciwon albasa ɗaya ne, kuma tsoho ne. Kowa na tonewa lokaci guda, wajen Maris da Afrilu, farashi ya faɗi warwas. Mai haƙurin ajiyewa zuwa ƙarshen damina yana iya sayarwa ninki-ba-ninki, amma a rudu na kara da ciyawa kaso mai yawa ke ruɓewa, kuma wanda ya ci bashin taki da mai ba shi da zarafin jira. Saboda haka ribar tana tafiya ga mai jari da mai mota. A ganina, da ƙarfin da ake sawa wajen roƙon a kawo mana babban kamfani an sa rabinsa wajen ɗakunan ajiya masu iska, da bashin da zai bar manomi ya riƙe kayansa wata huɗu, da wajen busar da albasa a mai da ita gari ko gabu mai tsabta a leda, da an ga bambanci a aljihun mutane fiye da yadda ake zato.

Yanzu mu dawo kan iyaka, don ita ce ta mai da Ƙonni gari mai dare. Wuri ne da hanyoyi suka haɗu: babbar hanyar ƙasa daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram ta ratsa ta cikinsa, a Tsarnawa hanyar Tawa da Agadas da Arlit ta balle, ga kuma ta Illelar Najeriya zuwa Sakkwato. A shekarun 1970, da kuɗin man fetur ya cika Najeriya, gwamnatinta ta riƙa tallafa wa mai da takin zamani, kayan masana'antun Kano da Kaduna suka yi araha. Sai kaya suka riƙa hawowa arewa: mai, taki, robobi, sabulu, atamfa, masara. Daga nan kuma ana gangarawa da shanu, tumaki, raƙuma da wake. Akwai kuma kaya na uku, waɗanda ba a nan aka yi su ba kuma ba a nan za a ci su ba: shinkafa, taba sigari, gwanjo, yadi, motoci na hannu. Kafin rufe iyaka a 2023 ana sauke su a tashar jirgin ruwan Kwatano, a biya kuɗin wucewa a Nijar, a tsallaka da su Najeriya inda aka hana su ko aka tsawwala musu haraji. Baitulmalin Nijar ya daɗe yana cin wannan ciniki.

A tsaya a ƙirga bakin da babbar mota ɗaya ke ciyarwa in ta tsaya a Ƙonni. Akwai direba da yaran mota, mai cika takardun duwan, mai sito, 'yan dako, ɗan kamasho, ɗan canji da ke zaune da damin naira da sefa, 'yan fito masu rarraba kayan a ƙananan motoci da babura su bi ta daji, bakanike, mai faci, mai walda, mai shayi, mai tuwo, mai gasa nama, mai ɗakin kwana, ɗan kabu-kabu. Babu ɗayansu da ke da takardar ɗaukar aiki ko fansho, kuma babu rajistar da za ka buɗe ka same su. Amma su ne ma'aikatan Ƙonni na ainihi. Ranar Laraba kasuwar Ƙonni, ranar Lahadi ta Illelar Najeriya, mutane ɗaya ne ke cika su.

Matsalar ita ce duk wannan gini a kan bambancin farashi yake tsaye, bambancin kuwa wasu ke yanke shi a ofis mai nisa. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu, 'yan cin rani suka dawo hannu rabbana. A Afrilun 1984 Janar Buhari ya rufe iyakoki ya canja takardun naira, abin ya haɗu da fari, har mutanen ƙasar nan suka laƙaba wa yunwar shekarar sunansa. Ba a buɗe ba sai 1986, a shekarar ce kuma naira ta fara doguwar faɗuwarta. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, wanda ya kwana da jari ya tashi da rabinsa. A Agustan 2019 Buhari, wannan karon da farar hula, ya sake rufewa saboda shinkafa, aka kuma hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, har zuwa Disambar 2020 da aka buɗe ƙofofi huɗu, Illela na ciki. Ranar 29 ga Mayun 2023 Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, ribar mai sayar da mai a kwalba ta narke cikin mako guda. Wata biyu bayan haka takunkumin ECOWAS ya sauka, aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Gadar Gaya da Malanbil kuma ta ci gaba da zama a rufe, kayan Kwatano suka koma dogon zagaye ta Lome da Burkina.

Kullum aka rufe, ciniki ba ya mutuwa, hanya yake sakewa. Mota ta koma babur, titi ya koma daji, kuɗin hanya ya ƙaru. Babban ɗan kasuwa mai sito a ɓangarorin biyu yakan fita da riba ma, don kaya sun yi tsada. Wanda ke shan wuya shi ne ɗan dako da mai tuwo da ɗan kabu-kabu, masu cin na yau da yau. Ga kuma sabon abu da kakanninmu ba su sani ba a wannan siffa: 'yan bindiga a dazukan iyaka, masu kore shanu da satar mutane, waɗanda suka sa hanyar daji da ke ceton mutane lokacin rufewa ita ma ta zama abin tsoro.

To ina Bazaga a cikin wannan lissafi? Bazaga ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Ƙonni, tare da Alela da Tsarnawa da Ƙonnin kanta. Ba ta da izini, ba ta da babban ofishin duwan. Abin da take fitarwa gero ne da wake da dabbobi, sai kuma wanda ya fi su duka, wato ƙarfin samarinta. Shekarar ɗan ƙauye a nan kashi uku take: wata huɗu ko biyar a gonar gado, in an girbe wasu su gangara fadama ƙwadagon albasa ko su shiga Ƙonni dako da kabu-kabu, sauran su hau mota sai ruwan farko. Mutum ɗaya manomi ne, lebura ne, ɗan kasuwa ne a shekara guda, shi ya sa duk ƙidayar da ta tambaye shi sana'arsa guda ɗaya ba ta kama hotonsa daidai. Zai ce manomi, alhali buhun masarar da aka ci a gidansa a watan bakwai daga Abijan ko Legas kuɗinsa ya zo. Ku duba layin da ake yi a ofisoshin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza gab da shuka da gab da salla. Wannan layi shi ne albashin ƙauyukanmu.

Akwai kuma rabin jama'ar da lissafin hukuma ya fi mantawa da su. In maza sun tafi, mata ke riƙe da gida da awaki da ɗan abin sayarwa: fura, ƙosai, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, dafaffen zogale, kiwon rago don layya, adashe. Yawancin cinikin daga cikin gida ake yin sa, 'yan mata ke kai shi kasuwa a ka, kuma tallan nan na daga cikin abin da ke fitar da su daga lakwal da wuri. Wannan ma tsarin aiki ne, yana da riba yana da hasara, ko da ba a rubuta shi a ko'ina ba.

Sana'o'in gado da muka fara da su ba su mutu duka ba, rikiɗa suka yi. Masaƙi da marini atamfa da gwanjo sun kashe musu kasuwa, wannan ba makawa. Amma jikan maƙeri yau shi ke walda, yana ƙera ƙofa da amalanke da garmar shanu. Mahauci na nan daram, har kilishinsa na tafiya ƙasashen waje. Magini ya bar laka ya koma bulo. Sababbi kuma sun shigo: gyaran babur, gyaran injin ban ruwa, haƙar burtsatse, gyaran salula, haɗa farantin hasken rana. Duk ta hanyar da aka saba ake koyon su, yaro a gaban maigida shekara uku ko biyar, ba takarda ba albashi sai na abinci. Garejin bakin titi ya yaye samari fiye da kowace cibiyar koyon sana'a a yankin, kuma har yanzu wanda ya gama a can ba shi da shaidar da zai nuna a ƙofar izinin Malbaza ko na Badagishiri in ana neman mai walda.

Ga masu riƙe da ƙananan hukumominmu, abin da wannan tarihi ke nunawa a aikace ba shi da wuyar ganewa. Ba su ke buɗe iyaka ba, ba su ke sa farashin naira ba, ba su ke ɗaukar ma'aikata a izini ba. Abin da ke kusa da hannunsu shi ne laka a madatsun Mozage da Zango, hanyar da mota za ta bi ta shiga fadama ta ɗauko albasa ba tare da ta kafe ba, rumfuna da ruwan sha a kasuwar dabbobi, ɗakin ajiya a Tsarnawa da Galmi, da takardar shaida ga yaron da ya gama koyon gyaran inji. Kuɗin tikitin kasuwa da ake karɓa kowace Laraba daga hannun waɗannan mutane yake fitowa, kuma kasafin kowace ƙaramar hukuma takarda ce da ɗan gari ke da damar zuwa ya nemi a nuna masa nawa aka mayar musu a ciki.